Ɗalibai da Kogin Haɗeja: abin da ya kamata ku sani game da masu zuwa da takardar tambayoyi

Duk wanda ke zaune a ƙauyukan bakin kogi, daga Auyo zuwa Guri, ya san su. Sukan zo su biyu ko uku a kan babur, jaka a baya, damin takardu a hannu. Su fara sauka ƙofar gidan mai unguwa ko bulama su kwashi gaisuwa, sannan a haɗa su da wani yaro ya zaga da su. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kowace shekara: Baba, shekara nawa kana noma a nan? Ruwa ya taɓa cinye maka gona? Sau nawa? Wasu kan ɗauka ma'aikatan gwamnati ne masu rubuta sunayen waɗanda za a ba tallafi. Yawancinsu kuwa ɗalibai ne 'yan ajin ƙarshe, daga jami'o'in Kano da Dutse da Kafin Hausa da Gashuwa, ko kwalejin ilimi ta Gumel, ko kwalejin Binyaminu Usman da ke cikin garin Haɗeja. Abin da ya kawo su shi ne aikin binciken nan da ba a ba ɗalibi takardar shaida sai ya yi shi, wanda suke kira furojet. Da yawansu labarin ƙasa suke karantawa, ko wani fanni na muhalli.

Sunan nan labarin ƙasa yakan sa a zaci haddar sunayen ƙasashe da manyan biranensu ne. Ainihin aikin shi ne neman dalilin da ya sa abu yake a inda yake. Me ya sa ruwa ke kwanciya a wannan gona ya bar ta kusa da ita? Me ya sa aka kafa gari a kan wannan tudu? Me ya sa kasuwar kifi ta yi ƙarfi a Haɗeja? Ga mai irin waɗannan tambayoyi, da wuya a sami wuri a arewacin Nijeriya da ya fi fadamar Haɗeja amsa.

Sai an san inda ruwan ya fito kafin a fahimci sauran. Kogin Haɗeja ba a Jigawa aka haife shi ba. Kogin Kano da Kogin Calawa ne suka haɗu a kudu da birnin Kano, suka zama ɗaya, ya biyo ta Wudil, ya shigo Jigawa ta wajen Ringim, ya ratsa ƙasar Miga da Auyo ya iso Haɗeja. A can sama yana gudu ne a kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashinta, mai gangare. Daga wajen Wudil zuwa gabas sai dutsen ya nutse, kogin ya hau kan yashi da laka masu kauri waɗanda suka cika kwarin Tafkin Cadi tun zamanin da. Ƙasar a nan shimfiɗe take kamar tabarma, saboda haka ruwan ba ya sauri. Ga kuma tsofaffin tuddan yashi da iska ta jera a wani zamani na fari mai tsawo, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Su ne jigayin da jihar ta samo sunanta daga gare su. Kogin yakan yi ta laluben hanya a tsakaninsu, yana rarrabuwa. Kafin Haɗeja, reshen Kafin Hausa ya ɓalle. Bayan an wuce gari kuma ya rabu uku: tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, da mashigar Marma wadda ke zuba a tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga cikin ruwan yakan haɗu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa, su zama Kogin Yobe, wanda ke ƙarewa a Tafkin Cadi.

Don haka ruwan da ke shiga gonar mutumin Haɗeja a watan Satumba, galibinsa ba a kansa ya zuba ba. Ya zuba ne kwanaki da suka wuce a ƙasar Kano da abin da ke bayanta. Ana iya kwana bakwai ba a ga hadari a Haɗeja ba, kogi kuma yana ta tumbatsa.

A da, wannan malala ita ce arzikin yankin. Ruwa ya zo a Agusta, ya bazu, ya kwanta, ya fara janyewa bayan damina. Shinkafa ta tashi tare da shi. Kifi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. In ya janye ya bar laka mai danshi, a shuka wake da sauran amfani ba tare da ban ruwa ba. Makiyaya su sauko da shanu su sami ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani. Akwai kuma amfanin da ido ba ya gani: ruwan da ya kwanta yana tsatsafowa ƙasa, shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin ma. A shekarun 1960 faɗin wurin da ruwa ke rufewa a shekara mai kyau ya haura murabba'in kilomita 2,000. Zuwa shekarun 1980 ya koma ƙasa da rabin haka.

Abu biyu suka haɗu suka jawo wannan. Na farko fari, na 1972 zuwa 1974 da kuma na 1984. Na biyu madatsun ruwa. An kammala Dam ɗin Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Bako, don ba birnin Kano ruwan sha da shayar da gonakin Kadawa da Kura. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A 1992 aka kammala Dam ɗin Calawa a ƙasar Ƙaraye. Waɗannan biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. An kuma yi shingen ruwa kusa da Auyo don aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe faɗaɗɗensa a Janairun 2023. Shi kuwa Dam ɗin Kafin Zaki da aka shirya yi a kan Kogin Jama'are a Jihar Bauchi, an daɗe ana jayayya a kansa, bai kammalu ba.

A nan ne labarin ya ɗauki wata hanya da masu gina madatsun ba su zata ba, kuma a ganina shi ne darasi mafi girma da fadamar ke koyarwa. Kafin Tiga, kogin yakan ƙafe da rani, sai 'yan kududdufai. Bayan madatsun, ana sakin ruwa duk shekara don famfunan Kano da gonakin rani, saura kuma ya gangaro. Kogin da ya saba bushewa wata da watanni ya zama ba ya bushewa, babbar malalar da ke wanke hanyoyinsa da ƙarfi kuma ta ragu. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da kacala take so. Ciyawar nan mai tsawon da ya fi mutum, wadda wasu ke kira geranya, ta samu gida. Saiwarta tana tare laka, lakar tana cike hanyar ruwa, ruwan ya rasa mafita ya fantsama gefe, gefen ma ya zama gonar kacala. Tsohon kogin Haɗeja ya toshe har ya zama ruwan da ke isa Gashuwa ta nan kaɗan ne ƙwarai, mafi yawan abin da Yobe ke samu daga Jama'are yake zuwa. Ruwan ya karkata zuwa Marma. Sakamakon haka, a masarauta ɗaya, wani ƙauye na kukan gonakinsa sun shekara da shekaru a ƙarƙashin ruwa, wani kuma can gaba yana kukan hanyar ruwansa ta ƙafe. A cikin kacalar tsuntsayen jan-baki ke kwana su wayi gari a gonar shinkafa da gero. Sauro na samun maɓoya, haka ma katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. Masunci kuma ba shi da inda zai jefa koma.

Duk wannan ba zato aka yi aka sani ba, aunawa aka yi. A 1987 aka kafa shirin kula da dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyoyin kare muhalli na Nijeriya da na ƙasashen waje. Tsuntsaye ne suka fara jawo hankalinsu, domin agwagin daji da wasu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa sukan ƙetaro Hamadar Sahara daga Turai su yi hunturu a nan, tare da 'yan gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Ba a daɗe ba suka gane cewa ba a raba maganar tsuntsu da maganar manomi da masunci, tun da ruwa ɗaya suke jira. A 1993 aka fitar da littafi a kan dausayin wanda Ted Hollis na jami'ar Landan da Bill Adams na Kambirij da Muhtari Aminu-Kano suka tsara. A cikin aikin wannan zamani ne Edward Barbier da abokansa suka yi wani lissafi da ya yi suna a duniya: suka kwatanta abin da ma'aunin ruwa ɗaya ke samarwa idan an bar shi ya malala a fadama, noma da kifi da itace, da abin da yake samarwa a gonakin ban ruwa na Kano. Fadama ta yi rinjaye ninkin ba ninkin. Ana iya jayayya da lissafin, an kuma yi, amma daga ranar ba wanda zai iya cewa ruwan da ya wuce Kano ya tafi a banza ba tare da an nuna masa takarda ba. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, su ne na farko a Nijeriya. Dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma ya biyo baya a 2008. A 2006 kuma jihohi shida da ke shan wannan ruwa, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka yi taro a Damaturu suka kafa asusun kula da kogunan.

Akwai wani mutum da ya kamata kowane ɗalibin labarin ƙasa a wannan yanki ya san sunansa, Michael Mortimore, Bature ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero ta Kano, ya rasu a 2017. Bayan farin shekarun 1970 ya zaɓi wani ƙaramin ƙauye, Dagaceri, a arewa maso gabashin Jigawa ta yau, ya yi ta komawa can shekara bayan shekara har sama da shekara goma. Yana rubuta abin da aka shuka, abin da aka girbe, wanda ya tafi cin rani, abin da aka sayar don a ci. Littafin da ya fitar a 1989 ya ƙaryata ra'ayin da ya yi ƙarfi a lokacin, wai talakan karkara shi ke kashe ƙasarsa da jahilci. Ya nuna mutane ne masu dabara, masu sauya iri da sana'a gwargwadon yadda shekara ta zo. Kayan aikinsa ba su fi na ɗalibin yau ba. Abin da ya fi shi da shi komawa ne.

To, ɗalibin yau fa? Gaskiya ɗaya ce, furojet da yawa ba sa ƙara wa kowa sani. Take ɗaya ake juyawa: illar ambaliya ga manoma a ƙaramar hukuma kaza. A raba takarda ɗari, a tattara, a zana jadawali, a kammala da cewa ambaliya na lalata amfanin gona kuma gwamnati ta taimaka. Wannan ko yaron da ya zaga da su ya sani. Ba duka laifin ɗalibi ba ne. Kuɗin mota daga aljihunsa yake fita, malami ɗaya na duba aikin mutum da yawa, kalandar makaranta kuma ba ruwanta da kalandar kogi, sai lokacin fita fili ya faɗo a Maris, a je binciken ambaliya ana taka busasshiyar ƙasa. Takardar da Turanci aka rubuta ta, a bakin gona ake fassara ta, kowa da irin tasa fassarar. Wanda ake tambaya, in yana tsammanin tallafi, buhu goma da ya rasa sai ya zama talatin, kuma ba na ganin laifinsa. Galibi ana tsayawa ne a ƙauyen bakin kwalta, a yi magana da mazan da aka tarar a inuwa. Matan da ke turara shinkafa da masu saƙa tabarmar kaba ba a shiga wajensu, sai in ɗaliba ce ta zo. Makiyayi kuwa, wanda rabin rigimar fadama a kan burtalinsa da mashayarsa ake yi, sau da yawa yana can wani wuri ranar da aka zo.

Amma akwai aikin da ɗalibi zai iya, wanda babban farfesa daga nesa ba zai iya ba, kuma ba ya cin kuɗi. Dubi maganar da ake yi duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna, kamar 2001 da 2018 da 2020 da 2022: an saki Tiga. Wani lokaci akwai gaskiya a ciki, domin madatsa in ta cika ruwa na bin mafitarsa ya wuce ko an so ko ba a so. Sai dai akwai ruwan saman da ke zuba a ƙasa da madatsun, wanda babu mai riƙe shi. Akwai hanyar kogi da laka da kacala suka cike, ta yadda ruwan da a da zai wuce salin-alin yanzu sai ya hau gona. Akwai gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa a shekarun fari, lokacin da aka zaci ya tafi ke nan. Akwai jingar da wani gari ya ɗaga ta tura ruwan kan maƙwabcinsa. Ruwan sama kansa ya dawo da ƙarfi tun daga shekarun 1990, yana yawan zuwa a dunƙule cikin 'yan sa'o'i. A cikin waɗannan dalilai, wanne ne ya fi nauyi a ƙauyen Ganuwar Kuka, wanne a Guri? Ba a raba su da takardar tambayoyi. Ana raba su da sanda mai zanen awo da aka kafa a bakin ruwa ana karantawa kowace safiya, da ma'aunin ruwan sama a farfajiyar makaranta, da littafin da ake rubuta ranar da ruwa ya iso da ranar da ya janye. In aka jera waɗannan da ranakun da madatsa ta yi ambaliya, magana ta fara fitowa.

Ga kuma hotunan tauraron ɗan'adam. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, wato tun kafin a rufe Tiga, kuma tun 2008 kyauta ake ba da su. Na Turai mai suna Sentinel-2 ya fara aiki a 2015, ya fi su fito da ƙananan abubuwa. Manhajar zana taswira ta QGIS ita ma kyauta ce. Ɗalibi mai kwamfuta da ɗan intanet zai iya ganin fadamar kakansa kamar yadda take shekara hamsin da suka wuce. Sai dai hoton yana yaudara. Daga sama, kacala kore ce, shinkafa kore ce, alkamar rani ma kore ce. Wanda ya ɗauki hoton Oktoba na wata shekara ya kwatanta da na Fabrairun wata shekarar zai ba da labarin ƙafewar da ba a yi ba. Maganin wannan shi ne a je wurin da ƙafa ko a kwalekwale, a tsaya, a ɗauki lambar wurin da waya, a rubuta abin da ido ya gani. Ɗan Haɗeja ya fi kowa dacewa da wannan, don ya san mai kwalekwalen, ya kuma san inda ba a shiga.

Tushen matsalar yana sakandare. Labarin ƙasa yanzu darasin zaɓi ne a manyan azuzuwa, yara da yawa kan gama makaranta ba su taɓa riƙe taswirar da ke nuna tudu da kwari ba, ko da yake karanta irin wannan taswira na cikin jarrabawar WAEC ga wanda ya ɗauki darasin. Yaro zai haddace yadda kogi ke lanƙwasa har ya yanke ya bar tafki a gefe, da zanen littafi da misalin wani kogin Amurka, alhali irin wannan tafki yana nan bayan gari inda yake zuwa wanka. Malamin da ya fitar da ajinsa safiya ɗaya, suka taka daga kan jigawa suka gangara har bakin ruwa, suna dumbuzar ƙasa a kowane taku ɗari, ya gama koyar da babi uku. A sama yashi ne mai zubewa ta tsakanin yatsu, ga gero da gyaɗa da riɗi. A tsakiya turɓaya. A ƙasa baƙar laka mai tsagewa da rani, ga shinkafa. A zuba kowacce a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye zuwa gobe, yashi ya kwanta a ƙasa, laka ta hau sama, kowa ya gani da idonsa. Dattijon da ke gonar zai ba su sunan kowace ƙasa da abin da take karɓa, sunayen da ba sa cikin littafin.

Ku kuma da ake zuwa wajenku, kuna da haƙƙi a cikin wannan aiki. Ku tambayi ɗalibi daga wace makaranta yake, me zai yi da amsar. Ba dole ba ne ku ba da suna, ba dole ba ne ku amsa abin da ba ku so. Ku sani ba shi da tallafin da zai raba, saboda haka ƙara adadin asara ba zai kawo buhu ko ɗaya ba, sai dai ya ɓata lissafin da wata rana za a iya kai wa hukuma a ce ga abin da ya faru a nan. In tambayarsa ta kauce wa abin da ke damunku, ku faɗa masa. Watakila shi ambaliya ya zo nema, ku kuwa damuwarku jan-baki ce, ko mashigar da ta toshe, ko rijiyar da ta ja baya. Ku kai shi wajen sarkin ruwa da tsofaffin masunta, waɗanda suka san inda kogin yake bi kafin ya sauya. Ku kuma nemi in ya gama ya kawo kwafi ɗaya a ajiye wajen dagaci ko a makarantar garin, da taƙaitaccen bayani da Hausa ko da shafi biyu ne. Yawancin waɗannan ayyuka a kan kanta suke ƙarewa a ofishin sashe, ƙura na cin su, wanda zai zo baɗi kuma ya sake farawa daga tambayar farko.

Akwai ma abin da ba sai an jira ɗalibi ba. A garuruwan da ruwan 2022 ya shiga, lokacin da matasan Haɗeja suka yi ta kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa, ruwan ya bar zane a jikin bangon makarantu da masallatai da turakun lantarki. Kowane yaɓe da kowane fenti na share wani daga ciki. Kafin a shafe wanda ya rage, a sami mai tef ya auna tsawonsa daga ƙasa, a ja layi da fenti mai ƙarko, a rubuta shekarar a gefe. In wani ruwan ya zo, a ja nasa layin a bango ɗaya.